Fritz Haber: Masanin Da Ya Samo Taki Daga Iska, Ya Kuma Kai Guba Fagen Fama

Duk manomin da ya saɓa buhun takin zamani zuwa gonarsa da damina, ko a Funtuwa yake ko a ƙasar Indiya, yana cin moriyar aikin wani Bajamushe mai suna Fritz Haber, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Masana sun ƙiyasta cewa wajen rabin mutanen duniya a yau suna rayuwa ne da abincin da aka noma da irin takin da binciken wannan mutum ya buɗe wa hanya. Amma kuma shi ne ya tsaya a fagen fama a ƙasar Beljiyam a shekarar 1915 yana lura da yadda aka saki iska mai guba a kan sojoji. Daga baya ƙasar da ya yi wa wannan hidima ta tilasta masa barin aiki saboda asalinsa, ya rasu a wani masauki a ƙasar waje. Tarihinsa abin nazari ne ga ɗalibin da ke shirin karanta ilmin harhaɗa magunguna, watau kemistiri, da kuma ma'aikacin da ke karɓar umurni daga na gaba da shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Fritz Haber ran 9 ga watan Disamba, 1868, a birnin Breslau na ƙasar Jamus, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan ana kiransa Wroclaw. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa, Siegfried Haber, attajiri ne mai fataucin kayan rini da fenti da magunguna. Mahaifiyarsa, Paula, ta rasu mako uku bayan haihuwarsa. Uban ya sake aure ya sami 'ya'ya mata uku, amma tsakaninsa da ɗan nasa ba a taɓa samun cikakkiyar jituwa ba, domin shi so yake yaron ya gaje shi a kasuwa, yaron kuwa hankalinsa na kan littattafai da gwaje-gwaje.

A shekarar 1886 ya shiga Jami'ar Barlin. Kamar yadda ɗaliban Jamus suka saba a wancan zamani, ya yi yawon neman ilmi daga wannan makaranta zuwa waccan. Ya zauna a Heidelberg wurin shahararren malamin nan Robert Bunsen, wanda ake kiran fitilar gas ta ɗakin gwaje-gwaje da sunansa, sa'an nan ya koma Barlin ya yi bincike a ƙarƙashin Carl Liebermann, ya sami digirin dakta a 1891. A tsakani ya yi shekara guda yana aikin soja.

Bayan digiri sai al'amura suka tsaya masa cik. Ya taɓa aiki a masana'antu biyu zuwa uku, ya yi ɗan zama a wata babbar makaranta a birnin Zurich, ya gwada zama a kantin mahaifinsa abin bai yi daɗi ba. Daga nan ya nufi Jami'ar Jena, inda ya bar addinin Yahudanci ya shiga Kiristanci. A wancan lokaci da wuya Bayahude ya sami kujerar farfesa ko muƙamin hafsan soja a Jamus, kuma Haber mutum ne mai tsananin kishin ƙasar, yana son a ɗauke shi cikakken Bajamushe ba tare da wani ragi ba. Wannan buri shi ne ya ja ragamar rayuwarsa har ƙarshe.

A 1894, yana da shekara 25, ya sami aikin mataimaki a Kwalejin Fasaha ta Karlsruhe. Nan ya yi shekara 17. Fannin da ya shahara a kansa, watau nazarin yadda zafi da matsi da lantarki ke sarrafa haɗuwar sinadarai, ba a makaranta ya koye shi ba, shi ya koya wa kansa da karatun dare. Ya wallafa littafi a kan kemistirin lantarki a 1898, da wani a kan sarrafa iskoki a masana'antu a 1905, kana ya zama cikakken farfesa a 1906. A 1901 ya auri Clara Immerwahr, 'yar garinsu, wadda ita ce mace ta farko da ta sami digirin dakta a fannin kemistiri a Jami'ar Breslau, a shekarar 1900. Sun haifi ɗa guda, Hermann, a 1902.

Matsalar da ta damu duniya

Domin a gane girman abin da Haber ya yi, ya kamata a san halin da noma yake ciki a ƙarshen ƙarni na 19. Kowane tsiro yana bukatar wani sinadari da ake kira naitirojin domin ya yi ganye ya yi ƙwaya. Abin mamaki shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma hatsi ba ya iya amfani da shi a wannan siffa, domin ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu da wani ɗauri mai ƙarfin gaske. Tsire-tsire irin su wake da gyaɗa da bishiyar gawo ne kaɗai ke iya samunsa daga iska, su ma da taimakon wasu ƙananan halittu da ke zaune a saiwoyinsu. Shi ya sa manomi ya daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, ko a gonar da aka noma wake bara.

Da yawan mutanen Turai ya ƙaru, takin dabbobi ya kasa. Sai aka koma jigilar kashin tsuntsayen teku daga tsibiran ƙasar Feru, da ya yi ƙasa kuma aka koma kan wani irin gishiri da ake haƙowa a hamadar Atacama. A kan wannan gishiri ne ƙasar Cile ta gwabza yaƙi da Feru da Bolibiya daga 1879, ta ci nasara ta mallake wuraren haƙarsa. Gishirin nan taki ne, kuma da shi ake yin albarushi da nakiya. A shekarar 1898 wani masani ɗan Ingila, William Crookes, ya yi jawabi a birnin Bristol inda ya yi gargaɗin cewa cikin shekaru talatin da 'yan kai ƙasashen da ke cin alkama za su fuskanci yunwa, in dai masana kemistiri ba su gano hanyar kama naitirojin na iska ba.

Yadda aka kama iska

Haber ya fara taɓa wannan matsala a 1904, lokacin da wasu 'yan kasuwa daga birnin Biyana suka nemi ya bincika ko za a iya haɗa naitirojin da wata iska mai suna haidirojin a sami amoniya, wadda daga gare ta ake iya yin taki iri-iri. Ya gwada a zafin da ya kai wajen digiri 1,000, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ya ajiye aikin. A 1907 kuma sai babban masanin nan Walther Nernst ya ƙaryata alƙaluman Haber a gaban taron masana a birnin Hamburg. Abin ya yi wa Haber zafi ƙwarai, kuma wannan zafin ne ya mai da shi ɗakin gwaje-gwaje.

Wahalar aikin ita ce iskokin biyu ba sa haɗuwa da sauri sai da zafi mai yawa, amma kuma zafi mai yawa yana wargaza amoniyar da aka samu. Haber ya lura cewa mudu ɗaya na naitirojin da mudu uku na haidirojin suna ba da mudu biyu ne kacal na amoniya, saboda haka in aka matse su da ƙarfi za a tura su wajen haɗuwa. Sai kuma a nemo wani ƙarfe da zai yi aikin dillali, ya sada iskokin biyu a zafi matsakaici ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Dabara ta uku ita ce a riƙa sanyaya amoniyar ta zama ruwa a cire ta, ragowar iskar da ba ta haɗu ba a mai da ita cikin tukunya ta sake zagayawa.

Ya yi sa'ar samun mataimaki ɗan Biritaniya mai suna Robert Le Rossignol, gwanin ƙera na'ura, wanda ya haɗa 'yar ƙaramar tukunyar ƙarfe mai jure matsi. Suka gano cewa wani ƙarfe mai wuyar samu da ake kira osmiyam yana yin dillancin sosai. A farkon watan Yulin 1909 suka nuna wa wakilan kamfanin BASF na'urar tana aiki, a matsin da ya kusa ninka na iskar da ke kanmu sau 200, da zafin da ya haura digiri 500. Amoniya ta riƙa ɗiga, abin da bai wuce rabin kofin shayi ba a awa guda. Ɗigon nan kaɗan ne, amma ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne.

Mai da wannan 'yar na'ura ta kan tebur ta zama masana'anta aikin wani ne dabam, watau Carl Bosch, injiniyan kamfanin. Osmiyam da ke duniya duka bai isa ba, saboda haka abokin aikinsa Alwin Mittasch ya yi gwaji wajen 20,000 kafin aikin ya kammala, ya tsaya a kan baƙin ƙarfe da aka gauraya da wasu sinadarai kaɗan, wanda har yau shi ne ginshiƙin aikin. Manyan tukwanen farko kuma fashewa suka riƙa yi bayan 'yan kwanaki, domin haidirojin yana ratsa ƙarfe ya cinye ƙarfinsa. Bosch ya yi wa tukunyar riga biyu, ta ciki da ƙarfe mai taushi, ta waje da mai tauri wadda aka huda ƙananan ramuka domin iskar da ta ratso ta fice. A watan Satumba na 1913 aka buɗe masana'anta ta farko a Oppau, wadda aka gina domin ta riƙa fitar da wajen tan 30 na amoniya a kullum. Shi ya sa ake kiran wannan hanya da sunan mutanen biyu, Haber da Bosch.

Haber ya yi arziki da suna. A 1911 aka naɗa shi shugaban wata sabuwar cibiyar bincike mai ɗauke da sunan Sarkin Jamus Wilhelm a unguwar Dahlem ta Barlin. Nan ya ƙulla abota da Albert Einstein, wanda ya zo birnin a 1914, ko da yake ra'ayinsu a kan yaƙi ya sha bamban.

Lokacin yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a watan Agustan 1914, Haber ya miƙa kansa da cibiyarsa ga gwamnati. Aƙidarsa ita ce masani na duniya ne duka a lokacin zaman lafiya, amma in yaƙi ya zo na ƙasarsa ne. Yana cikin masana da marubuta 93 da suka sa hannu a wata takarda ta goyon bayan sojan Jamus. Jiragen ruwan Ingila sun tare hanyar gishirin Cile, kuma da ba don amoniyar Oppau ba, da albarushin Jamus ya ƙare cikin ɗan lokaci. Aka riƙa juya amoniyar ana yin nakiya da ita, aka kuma gina wata masana'anta mafi girma a Leuna wadda ta fara aiki a 1917. Ta haka binciken da aka yi domin gona ya tsawaita yaƙi.

Haber bai tsaya nan ba. Sojojin ɓangarorin biyu sun maƙale cikin ramuka, babu mai iya ture wani. Ya ba da shawarar a yi amfani da iskar kulorin, wadda masana'antun rini na Jamus ke da ita da yawa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka za ta bi ƙasa ta gangara cikin ramuka, in ta shiga huhu kuma ta ƙone shi. Yarjejeniyar da ƙasashe suka yi a birnin Hague a 1899 ta hana harba harsashi mai ɗauke da iskar guba, sai aka kauce wa lafazinta ta hanyar sakin iskar daga tulunan ƙarfe a bar iska ta kwashe ta. Haber ya tara matasan masana a wannan runduna, cikinsu har da Otto Hahn da James Franck da Gustav Hertz, waɗanda dukansu suka sami Lambar Nobel daga baya.

Da yammacin ran 22 ga Afrilu, 1915, kusa da garin Ypres na Beljiyam, aka buɗe tuluna fiye da 5,000 masu ɗauke da kulorin sama da tan 150. Wani hayaƙi mai launin ɗorawa da kore ya taso ya nufi ramukan Faransa, inda da yawa daga cikin sojojin da ke wurin 'yan Aljeriya ne da aka kwaso daga ƙasarsu. Waɗanda ba su faɗi nan take ba suka gudu suna tari suna neman numfashi, aka sami giɓi na wajen kilomita shida a dāgar. Amma manyan hafsoshin Jamus ba su tanadi isassun sojojin da za su kutsa ba, cikin 'yan kwanaki aka toshe giɓin. Sarki ya ba Haber muƙamin kyaftin, abin da ya daɗe yana buri.

Ya komo Barlin a ƙarshen watan. A daren 1 ga Mayu, wayewar 2 ga wata, matarsa Clara ta harbe kanta da bindigarsa a lambun gidansu, ɗansu Hermann mai shekara 12 ne ya iske ta. Auren ya daɗe da yin tsami. Tun a 1909 ta rubuta wa tsohon malaminta, Richard Abegg, wasiƙa tana kukan cewa duk ci gaban da mijinta ya samu ita ta biya shi da nata ilmin da ya tafi a banza a aikin gida. Marubuta da dama kuma sun danganta mutuwarta da ƙin jinin aikin gubar da yake yi. Haber bai ɗage tafiyarsa ba, ya wuce fagen fama na gabas domin shirya irin wannan hari a kan sojojin Rasha.

Hujjarsa ita ce guba za ta gajarta yaƙi ta rage asarar rayuka, kuma mutuwa da guba ba ta fi mutuwa da harsashi muni ba. Abin da ya faru ya ƙaryata shi. A watan Satumban 1915 Ingila ta rama da kulorin a Loos. Aka shiga tsere, kowane ɓangare na neman abin da ya fi na abokin gaba illa, har Jamus ta fito da gubar nan mai sa fata ta yi bororo ta kuma makantar da ido a 1917. Kafin a ajiye makamai a 1918, an ƙiyasta cewa guba ta kashe mutum wajen 90,000, ta raunata fiye da miliyan ɗaya, kuma Jamus ce ta sha kaye.

Bayan yaƙi

Haber ya ɗan fake a ƙasar Suwizalan domin tsoron kada a gurfanar da shi a matsayin mai laifin yaƙi, amma ba a yi masa shari'a ba. A watan Nuwamban 1919 aka ba da sanarwar cewa shi ne ya ci Lambar Nobel ta kemistiri ta shekarar 1918 saboda haɗa amoniya, ya karɓa a 1920. Masana da dama a Faransa da Ingila sun nuna ɓacin ransu. Bosch ya sami tasa lambar a 1931.

Ƙasashen da suka ci yaƙi sun ɗora wa Jamus diyyar mak biliyan 132 na zinariya a 1921. Haber ya ɗauki aniyar biyan wannan bashi daga ruwan teku, domin tsofaffin alƙaluma sun nuna akwai miligiram da dama na zinariya a kowane tan na ruwan. Ya kafa ɗakin gwaji a cikin jirgin ruwa, aka auna ruwa daga tekuna dabam-dabam har wajen shekara shida. A ƙarshe ya gano cewa abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram guda ba, kuma zinariyar da magabata suka gani ta fito ne daga kayan aikinsu. Ya bayyana sakamakon yadda yake, bai ɓoye faɗuwarsa ba.

Ta fuskar raya ilmi kuwa, shekarun 1920 su ne mafi albarka a gare shi. Tare da Max Born ya tsara wata hanyar lissafin ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin gishiri, wadda ɗaliban kemistiri ke koyo har yau da sunan su biyun. Yana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa bincike a 1920, lokacin da jami'o'in Jamus suka talauce. Cibiyarsa ta zama matattarar matasan masana daga ƙasashe da yawa, kuma an san shi da ba yaransa 'yancin bin ra'ayinsu da nema musu aiki. Ya ziyarci Japan a 1924 ya ƙulla dangantakar ilmi da ita. A gida kuwa bai dace ba, aurensa na biyu da Charlotte Nathan, wanda aka ɗaura a 1917 aka kuma sami 'ya'ya biyu, ya mutu a 1927.

Aikin guba bai rabu da shi ba. Wani tsohon yaronsa, Hugo Stoltzenberg, shi ne ya taimaka wa ƙasar Sifen da gubar da ta zuba wa mutanen Rif a arewacin Maroko cikin shekarun 1920. Har ila yau, daga binciken maganin ƙwari da Haber ya jagoranta domin kare rumbunan hatsi aka sami wani magani mai suna Zyklon, wanda wasu suka inganta daga baya ya zama Zyklon B. Shekaru bayan rasuwarsa, da wannan magani ne gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa masu ɗimbin yawa a sansanoni irin su Auschwitz. Akwai dangin Haber cikin waɗanda suka mutu a sansanonin.

An ci moriyar ganga

Hitila ya hau mulki a watan Janairun 1933. Ran 7 ga Afrilu aka kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati. Dokar ta bar Haber a kujerarsa saboda hidimarsa a yaƙi, amma ta wajabta masa korar ma'aikatansa masu asalin Yahudanci. Shigarsa Kiristanci shekara arba'in da suka wuce ba ta amfana masa kome ba a idon sababbin masu mulki. Ran 30 ga Afrilu ya rubuta takardar ajiye aiki, inda ya bayyana cewa duk tsawon rayuwarsa cancanta da hali yake dubawa wajen ɗaukar ma'aikaci ba asali ba, kuma ba zai sauya ba yana cikin shekara ta 65. Shugaban masanan Jamus, Max Planck, ya gana da Hitila a watan Mayu domin ya yi roƙo a madadinsa, bai sami kome ba sai faɗa. Haber ya yi sauran watanninsa a ofis yana rubuta wasiƙu domin samar wa yaransa aiki a ƙasashen waje.

Abin lura shi ne waɗanda suka karɓe shi tsofaffin abokan gaba ne. William Pope, wanda ya yi wa Ingila aikin guba a lokacin yaƙi, shi ya gayyace shi Jami'ar Kambirij. Bai daɗe a can ba, domin ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa, sanyin ƙasar kuma bai karɓe shi ba. Chaim Weizmann, masanin kemistiri wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na farko, ya yi masa tayin aiki a wata sabuwar cibiya a Rehovot, cikin Falasɗinu ta wancan lokaci. Bai kai can ba. Ya rasu a wani otel a birnin Basel na Suwizalan ran 29 ga Janairu, 1934, yana da shekara 65. A can aka binne tokarsa, daga baya aka kawo ta Clara aka haɗa su wuri guda kamar yadda ya yi wasiyya.

Da shekara ta zagayo, Planck ya shirya taron tunawa da shi a Barlin. Gwamnati ta hana duk farfesan da ke cin albashinta halarta, kuma kusan dukansu suka bi umurni. Matansu ne suka je a madadinsu, Bosch kuma ya zo da manyan ma'aikatan kamfaninsa, zauren ya cika. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sa wa cibiyar sunan Fritz Haber, sunan da take ɗauke da shi har yanzu.

Abin da ya bari

A shekarar 1900 mutanen duniya wajen biliyan 1.6 ne, a 2022 sun kai biliyan 8. Ana yin amoniya fiye da tan miliyan 150 a kowace shekara, mafi yawanta domin taki, kuma kusan dukanta ta hanyar Haber da Bosch. Takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara da shinkafa daga gare ta ake yin sa, haka ma naitirojin da ke cikin takin NPK. A Nijeriya an fara wannan sana'a a masana'antar Onne ta Jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980, kuma a 2022 aka buɗe ta Dangote a Legas, wadda aka gina domin fitar da tan miliyan uku na yuriya a shekara, ana samun haidirojin daga iskar gas ta ƙasar.

Aikin bai rasa illa ba. Yana cinye kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na makamashin duniya, yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama yanayi, takin da ya yi yawa kuma ruwa na kwashe shi zuwa koguna da tekuna ya kashe kifi. Masana na ƙoƙarin samo haidirojin daga ruwa da lantarkin hasken rana, da kuma neman sabon dillalin da zai yi aiki ba tare da matsi da zafi mai yawa ba. Wannan fage ne da ke jiran ɗaliban yau. Ita kuwa guba, an hana amfani da ita a yaƙi a yarjejeniyar Janiba ta 1925, amma sai a 1993 aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haramta ƙera ta da ajiye ta, wadda ta fara aiki a 1997.

Haber bai taɓa nuna nadama a bainar jama'a a kan abin da ya faru a Ypres ba. Ilmin da ya kama iska ya ciyar da jama'a shi ne ya auna nauyin kulorin da inda iska ke kaɗawa, kuma a duka biyun ya yi aikinsa da ƙwazo iri ɗaya, domin a ganinsa abin da ƙasa ta bukata ya wadatar a matsayin hujja. Sai a 1933, da aka umurce shi ya kori yaransa, ya ƙi bin umurnin hukuma ya ajiye aiki. A lokacin shekara 18 ke nan da buɗe tulunan Ypres, kuma saura wata tara ya rasu.